Rawani Ba Iko, Ba Kariya: Abin da Gobir Za Ta Ɗauka Daga Ailan

A watan Agustan 2024 wani faifan bidiyo ya karaɗe wayoyin Arewa. Dattijo ne a cikin daji, a ɗaure, tufafinsa da jini, yana roƙon gwamnatin jihar Sakkwato ta kawo masa ɗauki kafin wa'adin da 'yan bindiga suka ɗiba ya cika. Sarkin Gobir na Gatawa ne, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka tare a Kwanar Maharba a ƙarshen watan Yuli, yana kan hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato. Ba a jima ba aka ji labarin rasuwarsa a hannunsu. Ko gawa ba a samu ba, sai sallar ga'ib aka yi masa.

Wannan shekarar ta zo wa sarautar Sakkwato da abubuwa guda biyu kafin wannan rashi. A watan Afrilu gwamnatin jihar ta tuɓe iyayen ƙasa 15 a rana ɗaya, ta kuma sauya wa wasu wurin zama. A watan Yuli aka gyara dokar ƙananan hukumomi, ikon naɗa iyayen ƙasa da hakimai ya koma hannun gwamna, Fadar Sarkin Musulmi ta tsaya a ba da shawara. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa uku zai ga inda basaraken iyaka ya tsinci kansa a yau: daga sama alƙalami ɗaya ya isa ya raba shi da rawaninsa, daga daji kuma babu mai tsaya masa.

Sarautar da ake magana a kanta ba ta jiya ba ce. Kufan Alƙalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, wanda kuma ya faɗi hannun masu jihadi a 1808 lokacin Yunfa, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani reshe na Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni. Isa ma tana da nata Sarkin Gobir, kuma a fadar Sarkin Gobir Amadu na Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi waƙoƙin da har gobe ake saurare. A zamanin En'e uban ƙasa shi ke tara haraji da jangali, shi ke raba gona, dogarai da 'yan doka na ƙarƙashin masarauta, alƙalai da gidan yari ma haka.

An zare waɗannan ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga ciyaman da kansiloli. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamna da ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1979 ya ɗan bar wa sarakuna kujera a majalisun shawara, amma na 1999 bai ba su aikin komai ba. Abin da ya rage shi ne hawan Sallah, da tarbar baƙi, da naɗin sarauta, da sa hannu a takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Sai dai nauyin bai ragu ba. Idan aka kai hari Gatawa ko Kurawa ko Bafarawa, ƙofar fada mutane ke fara dosa da asuba. Idan ma'aikatan rigakafin shan-inna suka zo, uban ƙasa ake nema ya lallashi magidanta. Idan shanu suka shiga gona, a zaurensa ake zama. Idan kuma 'yan bindiga suka aza wa gari harajin noma, mai gari ne ke tsakiya: in ya tara kuɗin a ce yana da hannu, in ya ƙi a ƙone garin. A watan Nuwamban 2021 har rahotanni suka fito cewa 'yan bindiga sun tuɓe mai garin Gangara sun naɗa nasu, duk da cewa hukumomi sun musanta. Wata guda bayan haka aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa, kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. An ɗaure wa basarake hannu, an kuma ce ya tare ɓarawo.

Masu cewa kujerar da ba ta da ikon zartarwa ado ce kawai, ya kamata su leƙa ƙasar Ailan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya. Tsarin mulkin 1937 ya ƙirƙiro kujerar shugaban ƙasa, amma mulki na hannun firaminista da majalisa. Shugaban ba ya naɗa minista sai wanda aka miƙa masa, ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya ba soja umarni da ra'ayin kansa duk da ana kiransa babban kwamanda. Ko fita ƙasar waje ba ya yi sai da amincewar gwamnati. Jama'a ke zaɓensa na shekara 7, kuma ba ya wuce zango biyu. Wanda ya fara riƙe kujerar a 1938, Douglas Hyde, malamin harshe ne kuma ɗan ɗariƙar Furotesta a ƙasar da galibinta 'yan Katolika ne. Manyan jam'iyyu sun haɗu a kansa don a nuna cewa kujerar ta kowa ce.

Ikon da aka bar masa ɗan kaɗan ne, amma a rubuce yake. Na farko, idan majalisa ta zartar da ƙudiri, yana iya ƙin sa hannu nan take, ya shawarci majalisar mashawartansa, ya tura shi Kotun Ƙoli ta duba ko ya saɓa wa tsarin mulki. Na biyu, idan firaminista ya rasa rinjaye ya nemi a rusa majalisa a sake zaɓe, shugaban yana da damar ƙi. Sannan ba a tuɓe shi sai an tuhume shi da takamaiman laifi, kuma kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun amince. Ba a taɓa yin haka ba.

Ba a cika amfani da wannan iko ba. Tun 1938 ƙudirorin da aka tura kotu ba su kai 20 ba, domin duk wanda kotu ta wanke ba a sake ƙalubalantarsa har abada. Amma ga abin da ya faru a ƙarshen 2004. An gano cewa gwamnati ta shafe shekaru tana cirar kuɗi daga fanshon tsofaffin da ke kwance a gidajen jinya na hukuma, ba tare da doka ta ba ta dama ba. Maimakon ta biya, sai ta yi sauri ta kai ƙudirin da zai halatta abin da ya riga ya wuce. Shugaba Mary McAleese ta tura shi Kotun Ƙoli, kuma a watan Fabrairun 2005 kotu ta soke wannan sashe. Dole gwamnati ta buɗe shirin mayar wa tsofaffi da magadansu haƙƙinsu. McAleese ba ta fito ta zagi kowa ba, ba ta kira taron 'yan jarida ba. Sashe ɗaya na tsarin mulki ta yi aiki da shi.

Kujerar ta sha gwaji. A 1976 Shugaba Cearbhall Ó Dálaigh ya tura dokar ta-ɓaci kotu, ministan tsaro ya ci mutuncinsa a gaban sojoji, firaminista ya ƙi korar ministan, shi kuma ya ajiye muƙamin don kare darajar kujerar. A watan Janairun 1982, da gwamnatin Garret FitzGerald ta faɗi a kan kasafin kuɗi, 'yan adawa suka yi ta buga waya fadar shugaba cikin dare don su matsa wa Shugaba Patrick Hillery ya ƙi rusa majalisa. Ya ƙi ɗaukar wayarsu, duk da cewa daga jam'iyyarsu ya fito. Mary Robinson, mace ta farko a kujerar daga 1990, ta je Somaliya lokacin yunwar 1992, ta kuma gaisa da Gerry Adams, jagoran masu fafutukar haɗe tsibirin Ailan, a Belfast a 1993, lokacin da 'yan siyasa da yawa ke gudun a gan su tare da shi. Ta iya yin haka ne saboda babu wanda zai kore ta washegari.

Najeriya ta taɓa gwada irin wannan tsari. Daga 1 ga Oktoban 1963 Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, mulki kuma na hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan zaɓen Disamban 1964 mai cike da rigima, Azikiwe ya yi kwanaki yana jan ƙafa wajen kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, sai a farkon Janairun 1965 aka sasanta. Matsalar ita ce kowa ya san Azikiwe jigon jam'iyyar NCNC ne, don haka rabin ƙasa ba su ɗauke shi mai raba gardama ba. Kujerar girmamawa tana aiki ne idan mai ita ya fi ƙarfin jam'iyya, kuma kowa ya san iyakar ikonsa tun kafin rikici ya taso.

Ba sai an je Turai ba ma. Tsallaken iyaka, a Tsibiri da Maraɗi, 'yan'uwan Gobirawan Sabon Birni suna ƙarƙashin wani tsari dabam. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya ambaci sarautar gargajiya ƙarara, kuma dokar 2015 ta fayyace yadda ake zaɓen sarki, da aikinsa na sulhu a rikicin gona da na iyali, da matakan ladabtar da shi. Can ma 'yan siyasa na tsoma baki, kuma juyin mulkin Yulin 2023 ya dakatar da tsarin mulkin. Duk da haka an nuna cewa ana iya rubuta aikin basarake a doka ba tare da an mayar da shi gwamna ba.

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren. Shugaban Ailan zaɓaɓɓe ne, Sarkin Gobir kuwa gado ne, to da wane dalili za a ba magaji kariyar da zaɓaɓɓe ya samu da ƙuri'a? Tsofaffin 'yan NEPU ba su manta da bulalar dogarai ba. Sannan a maƙwabciya Zamfara an tuɓe Sarkin Maru a 2019, da na Zurmi da Ɗansadau a 2022, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa babu mai hankalin da zai nemi a dawo da En'e. Amma idan zargi ya kai girman haɗa baki da masu kisa, wurinsa gaban alƙali ne, a kawo shaida, mutum ya kare kansa, a hukunta shi in an same shi da laifi. Abin da ake gani tun daga tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, da Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a 2020, shi ne sanarwa ta riga shari'a. Uban ƙasar da ya ga yadda aka yi da manya ba zai buɗe baki ya ce jami'an tsaro sun janye daga garinsa ba.

Wannan shirun kuwa talaka ke biyan kuɗinsa. A yankin da dubban mutane suka tsallaka zuwa Gidan Rumji da ke Nijar neman mafaka, inda aka taɓa katse layukan waya a 2021, uban ƙasa na cikin 'yan tsirarun da suka san wane ƙauye ya tashi, wane ya biya, wace hanya ce ba ta biyuwa ranar kasuwa.

Abubuwa uku za su isa a fara da su. Na farko, kada a tuɓe ko a sauya wa uban ƙasa wuri sai kwamitin da alƙalin Babbar Kotu ke jagoranta ya saurari ƙara a fili ya fitar da dalilansa a rubuce. Na biyu, doka ta ba shi kujera a kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, rahotonsa ya shiga kundi, gwamnati ta ba da amsa cikin ƙayyadadden lokaci, domin gobe a san wanda aka faɗa wa ya yi shiru. Na uku, idan za a yanka burtali ko makiyaya ko fadamar gari a ba wani, ya sami damar dakatar da rabon ya tura maganar kotu, kamar yadda shugaban Ailan ke yi da ƙudiri. Shi kuma a nasa ɓangaren, ya fita daga yaƙin neman zaɓe gaba ɗaya, kuma wanda aka kama yana yi wa jam'iyya aiki ya fuskanci wannan kwamitin.

Ana ta muhawara a Abuja kan kafa majalisar sarakuna ta ƙasa, har ana jayayya kan wanda zai shugabance ta. Wannan zance ne na manyan fadoji, ba zai canza komai ga mai garin da ke kwana a bakin iyaka ba. Dokar da ta shafi masarautu ta jiha ce, kuma Majalisar Dokokin Sakkwato da ta gyara ta a 2024 tana da ikon sake gyara ta. 'Yan majalisar da ke wakiltar Isa da Sabon Birni su ya kamata su fara gabatar da wannan ƙudiri, masu zaɓe kuma su tambaye su inda aka kwana kafin 2027.