Idan Gwamnati Ta Janye Hannu, Wa Zai Riƙe Makarantar Ƙauye?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, wata aƙida da a da sai a littattafan tattalin arziki ake cin karo da ita ta shigo mana har ofishin malamai. Masu wannan aƙida cewa suke yi gwamnati ta cika shisshigi: ta tsaya ga tsaron rai da dukiya da yin shari'a, ta rage haraji, ta sakar wa kasuwa mara. A wurinsu, duk kwabon da hukuma ta kashe daga aljihun wani ta zaro shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba za mu kira maganarsu soki-burutsu ba. Duk wanda ya yini a layin banki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ga albashi a asusu amma babu na cefane a hannu, ba sai an karanta masa illar hukumar da ƙarfinta ya wuce kima ba. Shi kansa tallafin man, binciken Majalisar Wakilai na 2012 ya bankaɗo yadda aka riƙa biyan kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba.

Mai son ganin aƙidar a aikace ya dubi Ajantina. Javier Milei, wanda ba ya ɓoye cewa ita ce tafarkinsa, ya hau mulki a Disamban 2023, ya zaftare ma'aikatu daga 18 zuwa 9, ya mayar da ta ilimi sashe a ƙarƙashin wata, sannan ya daina tura wa larduna kuɗin ƙarin albashin malamai. Hauhawar farashi kam ta sauka, daga kusan kashi 25 cikin ɗari a wata guda zuwa ƙasa da kashi 3 a ƙarshen 2024. Gaskiya ce, sai a faɗe ta. Sai dai malami na cikin waɗanda aka fara yanka wa rabo.

A nan ne muka raba gari da su. Milton Friedman, babban malamin masu wannan ra'ayi a Amurka, da ya yi rubutu kan ilimi a 1955 bai ce gwamnati ta zare hannu daga biyan kuɗin karatun yara ba. Cewa ya yi ta ba iyaye takardar kuɗi, su kai ɗansu makarantar da suka ga dama, makarantu su yi gasa. To, gasa sai da abokin karawa. A birni, inda kowane lungu akwai makarantar kuɗi, ana iya tattauna wannan. Amma ƙauyen da makarantarsa ɗaya ce tal, mai azuzuwa uku, da damina kuma rafi ya yanke hanya, wane ɗan kasuwa ne zai kai jarinsa can? Uban da bai iya sayen littafin rubutu ba, kasuwa ba ta san da zamansa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta san da ɗansa, domin ta wajabta masa karatun shekara tara kyauta.

Saboda haka ba girman gwamnati ko ƙanƙantarta ne ya dame mu ba, inda take sa hannu ne. An ce an janye tallafi don a samu na gina ƙasa, kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, daga wannan kason kuwa albashin malamin firamare ke fita. Muna kira ga wakilanmu a kowace ƙaramar hukuma da su nemi a nuna musu a rubuce nawa ya shigo tun daga 2023, nawa kuma ya isa aji, su kawo wa reshe amsar kafin hutun wannan zango.