Fili a bayan gari, ko gida a Zango?

A Turai da Amurka akwai masu sayen sati guda na kowace shekara a gidan hutu daga kamfanin da ya gina shi. Ranar da suka nemi sayarwa, sau da yawa ko rabin kuɗinsu ba sa samu. Kada mu yi musu dariya. Malamin makaranta a Damagaram yakan ci bashin banki ya sayi fili a bayan gari, inda babu komai sai duwatsun iyaka, don mai rabon filaye ya yi masa alkawarin hanya da famfo. Famfo, a garin da ƙarancin ruwa yake cikin dalilan mayar da babban birni Yamai a 1926!

Alhali kuwa ga gidajen tubali masu zanen bango a Zango, damina tana cinye su, don kawai an raina kayan hannu. Nan mai saye yana ganin katanga da idonsa, ya san maƙwabta, kasuwar Dole ba nisa.

Masu cewa gidan gado rigima ne ba su yi ƙarya ba: sai an tara magada duka gaban alƙali kafin a biya ko dala. To, wane alƙali ne ya taɓa kiran mai rabon filaye ya tambaye shi ina famfon?