Wane Katin Asibiti Za Ka Yankar Wa Tsohonka Na Jos?

Daga wakilinmu na Jos

'Yan'uwanmu mazauna kurmi, musamman waɗanda suka bar iyaye a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo ko Bukuru, da ku nake magana yau. Mutumin da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal ba ya rowar kuɗin magani, wannan kowa ya shaida. Amma yawancinmu ba mu aikawa sai ciwo ya riga ya kwantar da tsoho, lokacin da kuɗin da za a nema ya ninka, jari ya taɓu, wani har ya sayar da babur. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita. Abin da nake so in jawo hankalinku a kai shi ne a yankar wa tsoho ko naƙasasshe katin taimakekeniyar lafiya tun yana tafiya da ƙafarsa, kuma a san irin katin da za a yanka, don ba duka suke ɗaya ba.

Tun 2005 gwamnatin tarayya ta fara shirin inshorar lafiya, amma shekara da shekaru kusan ma'aikatanta kaɗai suka ci moriyarsa. Ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba, iyakar ke nan. Uwa da uba ba sa ciki sai an biya musu dabam. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma ce a buɗe asusu na musamman don marasa ƙarfi: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A ranar an ambaci mutum miliyan 83. Jihar Filato kuwa ta riga ta kafa tata hukumar, PLASCHEMA, tun 2019 a zamanin Gwamna Simon Lalong.

Wani zai ce shi ba ya harka da inshora, wai ta yi kama da caca. To, a duba yadda abin yake. Kowa ya zuba nasa a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki, wanda Allah ya ba lafiya ya taimaki ɗan'uwansa ke nan. Saboda irin wannan shakku ne jihohin Arewa da dama, har da Kano, suka kauce wa kalmar inshora suka kira abin taimakekeniya.

Ƙofa ta farko ita ce ta kyauta. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma da wani ɓangare na kuɗin ne hukumomin jihohi ke yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙaramin asibitin mazaɓarsu. Abu ne mai kyau, wanda ya samu ya riƙe. Sai dai gurbin a ƙirge yake, masu nema sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa, abin da tsofaffi da yawa ba su da shi. Idan tsohuwarka ba ta da lambar nan, wannan shi ne aikin farko, ko wace ƙofa za ka bi. Ra'ayina a nan a fili yake: ɗan kasuwar da ke sauke buhun albasa a Mile 12 bai kamata ya bar uwarsa tana jiran gurbin kyauta ba. Ya biya mata, ya bar gurbin ga makahon da ba shi da ɗa a Ikko.

Mai biya kuwa yana da zaɓi biyu. Ko ya bi ta PLASCHEMA ya biya kuɗin shekara, ko ya bi ta shirin tarayya da ake kira GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 don mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. Mutane sun fi tambayar wanne ya fi araha, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: ina tsohon yake kwana? Katin jiha na jiha ne. Wanda aka yanka a Jos ba zai yi maka aiki a asibitin Ikko ba, kamar yadda Ilera Eko na mutanen Ikko ba zai yi wa kowa amfani a Rikkos ba. Idan Baba ba ya motsawa daga Jos, na jiha ya ishe shi. Idan kuwa irin tsofaffin nan ne da sanyin Jos ke korowa su zo su yi watanni wajen ɗa a Shagamu, to a duba na tarayya, a kuma tambaya tun kafin a biya yadda ake sauya asibiti in an sauya gari.

Zaɓen asibiti shi ne inda ake yawan tafka kuskure. A wajen rajista za a ce ka zaɓi asibiti ɗaya wanda za a riƙa fara zuwa. Sai ka ga yaro, don son a ce ya yi wa uba gata, ya nemi mafi girman suna. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana can Lamingo. Tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga ba sau ɗaya zai je asibiti ba, kowane wata ne, a auna shi a ba shi ƙwayoyi. Ka lissafa kuɗin mota daga Unguwar Rogo zuwa can da dawowa, ga na ɗan rakiya, ga layi tun da asuba cikin hunturu. Wata biyu zai yi ya gaji, ya koma sayen magani a kantin bakin titi, kuɗin da ka biya ya tafi a banza. Asibitin da zai iya kaiwa da keke Napep ɗaya, wanda kuma aka shaida ba ya cewa magani ya ƙare, ya fi masa. In ciwo ya fi ƙarfinsu su ne za su ba da takardar turawa zuwa Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko Jankwano, gwargwadon waɗanda shirin ke hulɗa da su. Wanda ya tsallake takardar nan ya tafi babban asibiti da kansa, galibi daga aljihunsa zai biya.

Kuma kada a aika wa ƙane kuɗi a ce je ka yanko kati shi ke nan. A sa shi ya tambaya ko maganin da tsohon ke sha kullum yana cikin jerin da aka yarda da shi, da abin da majiyyaci zai cika daga aljihunsa, da tsawon lokacin da za a jira kafin katin ya fara aiki, don ba a ranar da aka biya yake farawa ba. Wannan jira kaɗai ya isa dalilin yin rajista tun ana lafiya. Manyan ciwuka irin su daji da wankin ƙoda, kada kowa ya ɗauka katin zai ɗauke su gaba ɗaya.

Lamarin naƙasassu, ko masu buƙata ta musamman kamar yadda ake cewa yanzu, ya fi haka wuya. Jihar Filato tana cikin na farko da suka yi musu doka, tun 2005, kuma a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a ta tarayya, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Duk da haka wanda zai zaɓa wa gurgu asibiti ya je ya gani da idonsa ko matakala ce a ƙofa, wanda zai zaɓa wa kurma ya tambaya ko akwai mai fahimtar maganar hannu. Haka nan keken guragu da na'urar kunne, a tambaya, kada a ɗauka suna ciki. Dokar tarayyar nan ta ce mai taɓin hankali yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, amma iyalai nawa ne suka san da haka har su nema?

Akwai kuma abin da ya rage wa hukuma. Ma'aikacin da ya yi shekara 35 ana kula da lafiyarsa, bayan ya yi ritaya galibi sai katin ya mutu, daidai lokacin da jiki ya fara neman likita. A Gana, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zango, an yafe wa wanda ya kai shekara 70 kuɗin inshorar ƙasa. Me zai hana Filato ta gwada haka? Sannan a Jos, garin da maganar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo abin da ta jawo, wajibi ne gurbin kyauta ya bi mazaunin mazaɓa, ba tare da an tambayi tsohuwa takardar asali ba.

Ga sarakunan Hausawa na kurmi da shugabannin mahauta da direbobi da 'yan gwari, shirin tarayya yana karɓar rajistar ƙungiya daga mutum 10 zuwa sama. Kuɗin da ake tarawa a faifai duk lokacin da aka ce mahaifin wane yana kwance, in aka tara shi sau ɗaya a farkon shekara, aka wakilta mutum ɗaya amintacce ya zo Jos da sunayen iyaye da lambobinsu, zai yanki katunan gidaje da yawa.