Duniyar da Ka Gina a Waya: Taka Ce ko Aro Aka Ba Ka?

Duk wanda ya san harkar gem a garuruwanmu, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ya san lokacin da ajiyar wasa take abu ne da ake riƙewa a hannu. A zamanin PlayStation 2, ƙaramin memori mai megabait 8 shi ne rumbun matashi: a cikinsa ƙungiyar da ya yi watanni yana ginawa take kwana, kuma muddin faifan wasan yana nan, gobe zai tarar da ita yadda ya bar ta. Yau wasan ya koma waya, kuma yana sauya kamanni duk bayan 'yan makonni. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: idan kamfani ya sabunta wasa, wa ke da alhakin kare abin da ɗan wasa ya gina?

Ra'ayina shi ne alhakin yana wuyan kamfani tun farko, domin an riga an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Minecraft, wasan gine-gine na kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin, wanda Microsoft ya saya a 2014 kan dala biliyan 2.5.

A Minecraft, duniya ba ta samuwa gaba ɗaya lokaci guda. An yanka ta gida-gida, kowane yanki tubali 16 a tsawo da 16 a faɗi, kuma wasan ba ya ƙirƙirar yanki sai ɗan wasa ya kusance shi. Da zarar an ƙirƙira, sai a rubuta shi a ajiya. Matsalar tana tasowa ne idan sabuwar siga ta zo da sabuwar hanyar tsara ƙasa. Yankunan da aka riga aka taka suna nan a tsohon tsari, waɗanda ba a taka ba kuwa sai su fito a sabo. Shekaru da dama 'yan wasa suna tarar da iyaka mai muni a tsakani: daji ya yanke kamar an sa wuƙa, teku ya haɗu da tsauni ba gangare.

Kamfanin ya bi matsalar a hankali. A 2012 ya sauya tsarin ajiya zuwa wanda ake kira Anvil, ya kuma sa wasan ya riƙa juya tsofaffin duniyoyi da kansa. A Yulin 2018, siga ta 1.13 ta kwamfuta ta daina gane tubali da lamba, ta koma gane su da suna, kuma wata manhaja mai suna DataFixerUpper ce take fassara tsohuwar ajiya mataki-mataki har ta iso sabon tsari. Babban gwaji ya zo ranar 30 ga Nuwamban 2021 da siga ta 1.18, wadda ta ƙara zurfin ƙasa da tubali 64, ta ƙara tsayin sama da wani 64. A wannan karon an ɗinke tsohuwar ƙasa da sabuwa ta hanyar gangare, aka kuma haƙa sababbin koguna a ƙarƙashin tsofaffin yankuna ba tare da an rushe gini ba. Wannan aiki yana cin kuɗi da lokacin injiniyoyi, amma an yi shi saboda an ɗauki ginin ɗan wasa a matsayin abu mai daraja.

A gefe guda kuma akwai wasannin ƙwallo, waɗanda su ne suka fi cika gidajen gem a Kano. Tsarinsu na shekara-shekara ne: sabon fitowa, sabon farawa, ƙungiyar bara ta tsaya a bara. A Satumban 2021 Konami ya ajiye sunan PES ya fito da eFootball a kan sabon inji, kuma Master League, sashen da mutane da yawa suka fi so, bai zo tare da shi ba. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne abin da ya faru da wasan mota The Crew: a ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da wasan ya dogara da su, sai ya daina buɗewa ko ga wanda ya biya kuɗinsa. Daga nan ne yunƙurin Stop Killing Games ya taso, wanda takardar kokensa a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025.

Wani zai ce kamfani ba zai iya ɗaukar nauyin tsohon tsari har abada ba, kuma akwai gaskiya a nan. Ba a ce a dakatar da ci gaba ba. Abin da ake nema bai wuce uku ba: hanyar juya tsohuwar ajiya, gargaɗi bayyananne kafin sauyin da ba a komawa, da damar fitar da kwafi zuwa hannun mai shi.

Wannan buƙata ta fi nauyi ga ɗan wasa na yankin Ɗansoshiya fiye da na Landan. A ɗauka matashi ne a Kiru ya shafe watanni yana kwaikwayon madatsar ruwa ta Tiga ko dajin Falgore a wayarsa ta Tecno ko Itel. Cajin da ya biya a shago, da datar da ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, duk suna cikin wannan gini. Wayarsa ba ta da wurin ajiya mai yawa, sadarwa na iya yankewa ana tsakiyar sabuntawa, kuma idan wayar ta samu matsala, maganin farko a wurin mai gyara shi ne filashin, wanda yake share komai. Sabuntawar dole ga irinsa haraji ce, ajiyar da ta lalace kuwa asara ce ta gaske.

Kafin kamfanoni su gyara hali, akwai abin da yake hannun ɗan wasa. Juyawar ajiya hanya ce mai tafiya ɗaya: duniyar da aka buɗe a sabuwar siga ba ta komawa tsohuwa lafiya. Don haka a yi kwafi kafin kowace sabuntawa, a buɗe kwafin a gwada, a bar asalin a gefe. A kashe sabuntawar kai-tsaye a Play Store. A duba inda wasan yake ajiya, domin idan a cikin manhajar ne, goge ta yana tafiya da duniyar baki ɗaya. A tura kwafi zuwa memori, ko wayar ɗan'uwa ta Xender. Masu gidajen gem ma su tanadi filas guda don ajiyar abokan cinikinsu.

Kayan aro ba ya rufe katara. Duniyar da ba ka da kwafinta a hannu, kamfani ne ya ba ka aronta, kuma ranar karɓa shi kaɗai ya san ta.