Mintocin tashin jirgin sama: abin da ya sa ake hana matuƙa hira

Kowace shekara dubban alhazanmu suna tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, ban da ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa masu tafiya kullum. Wanda duk ya taɓa shiga jirgi ya san zaman nan na jira bayan an rufe ƙofa, sa'ad da matafiya ke gunaguni, suna cewa me ake jira. Ya kamata mu san abin da ke gudana a ɗakin matuƙa a wannan lokaci, domin a cikin waɗannan mintoci ne aiki ya fi yi musu yawa, kuma a cikinsu ne ƙaramar mantuwa take zama babbar asara.

A jiragen zamani mutum biyu ne ke gaba: kumandan jirgi da mataimakinsa. Tun daga tada injin har zuwa bakin titin tashi, sai sun saurari masu ba da hanya ta rediyo, sun maimaita umurnin da aka ba su, sun bi hanyoyin filin ba tare da ɓata ba, sun duba labarin iska da hadari, sun kuma shirya jirgin. Don kada a manta da kome, akwai takardar dubawa: ɗaya yana karanta abu, ɗaya yana dubawa da idonsa, sannan ya amsa.

Cikin abubuwan da ke takardar akwai ƙarin fiffike, wanda ake ce wa «volets» da Faransanci. Wasu faifai ne da ke fitowa daga bayan babban fiffike, su ƙara masa faɗi da lanƙwasa, don jirgi mai nauyi ya iya ɗagawa tun gudunsa bai yi yawa ba. Fitar da su aikin ƴan daƙiƙoƙi ne. In ba a fitar da su ba, jirgi yakan bar ƙasa kaɗan, iska ta kasa riƙe shi, ya faɗo.

Ranar 16 ga watan Agusta 1987, a birnin Detroit na Amurka, an sake wa matuƙan wani jirgin kamfanin Northwest titin tashi, suka kuma wuce mararrabar da ya kamata su bi. Cikin wannan ruɗani ba su karanta takardar dubawa ta lokacin tafiya a ƙasa ba. Suka tashi ba ƙarin fiffike. Cikin mutum 155 da ke jirgin, yarinya ɗaya ƴar shekara 4 ce kaɗai ta tsira, mutum 2 kuma suka mutu a ƙasa.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 31 ga Agusta 1988, a Dallas, wani jirgin kamfanin Delta ya daɗe a layi yana jiran izini. Matuƙan suka shiga hira da wata ma'aikaciyar jirgin. Da aka zo kan ƙarin fiffike, mataimaki ya amsa da baki cewa an fitar, alhali ba a fitar ba. Mutum 14 suka rasu cikin 108.

Shekara 20 suka wuce. Ranar 20 ga Agusta 2008, a Madirid ta Espanya, jirgin kamfanin Spanair ya koma wurin tsayawa saboda wata ƴar matsala, ya makara fiye da awa ɗaya cikin zafin bazara. A fita ta biyu, mataimaki yana gab da karanta layin ƙarin fiffike, kumanda ya ce masa ya nemi izinin tafiya ta rediyo, aka tsallake layin. A dubawa ta ƙarshe ya faɗi lambar da ya saba faɗa ba tare da ta dace da abin da ke gabansa ba. Mutum 154 suka halaka.

A jiragen nan uku akwai ƙaho wanda aikinsa shi ne ya yi ƙara in an nemi tashi ba a shirya fiffike ba, kuma a duka ukun bai yi ƙara ba. A Buenos Aires ta Ajantina kuwa, a 1999, ƙahon ya yi ta ƙara, matuƙan da suka sha hira kafin tashi ba su gane abin da yake nufi ba, suka ci gaba da gudu, mutum 65 suka mutu. Ashe na'ura ba ta maye gurbin hankalin mutum.

A nan kusa da mu, ranar 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala ta Kamaru da tsakar dare, bayan ya jira hadari ya lafa. Kumanda ya yi umurnin a kunna na'urar tuƙi da kanta, amma ba ta kama ba, kuma hankalin matuƙan yana kan hadarin. Jirgi ya yi ta karkata dama a hankali ba mai riƙe da shi. Da suka farga, duhu ya ruɗar da su. Duka mutum 114 suka rasu a cikin fadama.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan matuƙa ba jahilan aikinsu ba ne. Abin da ya ci su shi ne katsewar aiki: kira ta rediyo, sauyin titi, hira, ko damuwar makara. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. In aka katse mutum a tsakiyar aikin da ya yi sau dubu, ƙwaƙwalwarsa takan ɗauka ya gama, bakinsa ya amsa bisa sabo, idonsa bai duba ba.

Dokar da za ta hana haka ta riga waɗannan haɗurra. Tun 1981 hukumar jiragen sama ta Amurka ta hana matuƙa duk wata magana, cin abinci ko karatun da bai shafi tuƙi ba, tun daga tafiya a ƙasa har jirgi ya wuce ƙafa 10.000, wato wajen metir 3.000. Kamfanoni a duniya sun ɗauki wannan ƙa'ida. Ana kuma koya wa matuƙa cewa in aka katse takardar dubawa, a koma baya a sake ta, kuma ƙarami yana da haƙƙin tsayar da babba in ya ga kuskure. Amma doka a takarda ba ta tsare kowa sai an bi ta ranar da ake sauri.

Nauyin nan ba na matuƙa kaɗai ba ne. Kamfanin da ke ƙuntata lokacin tsayawa don riba yana ƙara musu kaya. Mai ba da hanya da ya yi kira a lokacin da bai dace ba yana ƙara musu. Shi ya sa horon da makarantar EAMAC ta ASECNA ke bayarwa a Yamai yake da muhimmanci ga Afirka. Babban mutum da ya aika a gaya wa kumanda yana da taro, shi ma ya ɗora nasa.

Saboda haka, ƴan'uwa, in jirgi ya tsaya a bakin titi, ko ya koma don a sake duba wani abu, kada mu tsananta wa ma'aikatansa. Sauri ya haifi nawa. Minti goma na jira ba su kai ran mutum ɗaya ba. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya.