Shekarar da Ke Jikin Littafi Ba Ita Kaɗai Ce Shaida Ba

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Babu inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa fili kamar a sha'anin tsofaffin littattafai, inda za a ajiye maka guda biyu, suna ɗaya, marubuci ɗaya, shekarar da aka rubuta a ciki ɗaya, alhali kuwa akwai shekara saba'in tsakaninsu. Ina so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wasu mutane na Ingila da Amurka masu tara littattafan labaran binciken kisan kai, domin a ganina sun riga mu gane wani abu da ya kamata a ce mu ne muka koya musu.

A shekarar 1928 kamfanin Doubleday na Amurka ya fara fitar da irin waɗannan labarai da sunan Crime Club. A 1930 kamfanin Collins na Landan ya buɗe nasa mai wannan suna, da tambarin wani ɗan bindiga mai lulluɓe da fuska, kuma a nan ne akasarin littattafan Agatha Christie suka fara fitowa a Ingila. Wannan jeri bai tsaya ba sai a 1994. Ban da waɗannan, akwai ƙungiyoyin da ke aika wa membobinsu littafi ta gidan waya, kamar Detective Book Club da aka kafa a Amurka a 1942, wadda kan haɗa labari uku a kundi ɗaya. Daga baya kuma HarperCollins, magajin Collins, ya sake buga littattafan Christie da kamanninsu na farko, har da zanen bango. Ke nan labari ɗaya yana iya zuwa hannunka a matsayin bugun farko, ko bugun ƙungiya, ko kwaikwayon bugun farko.

To, yaya masu tarawa ke rarrabewa? Ba sa tsayawa ga shekarar da ke bayan shafin suna, domin sau da yawa wannan shekarar haƙƙin mallaka ce, kuma mai sake bugu yakan kwafe ta yadda ya same ta. Jikin littafin suke tuhuma. Sukan duba rigar takardar da ke lulluɓe da bango: bugun farko na Collins a shekarun 1930 yakan nuna sule bakwai da sisi, bugun ƙungiya kuwa galibi ba kuɗi a jikinsa, ga shi ya fi ƙanƙanta, takardarsa ta fi araha. In kuɗin Ingila ya zo da sabon lissafin kwabo ɗari a fam ɗaya, to rigar ba ta girmi farkon shekarun 1970 ba, don a 1971 aka yi canjin. Lambar ISBN ba ta zama ƙa'idar duniya ba sai a 1970, mai alƙaluma 13 kuwa sai a 2007. Takarda marar kauri da rubutu a cunkushe suna nuni ga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka yi rabon takarda a Ingila. Har jerin sauran littattafan marubuci da ake sawa a gaba shaida ne, domin littafi ba ya ambaton ƙanensa da ba a haifa ba.

Wani zai ce wannan ai wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa shi da ɗalibin Hausa? Gaskiya ne kuɗi ne ya kaifafa idon yawancinsu, tun da bugun farko mai riga ya ninka kwaikwayonsa daraja. Amma matsalar da suka warware tamu ce. Sau nawa muka ga an rubuta cewa Ruwan Bagaja na 1966 ne? Wannan shekarar kafa kamfanin NNPC na Zariya ce. Abubakar Imam ya rubuta littafin ne don gasar da aka shirya a 1933, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East. Wanda ya ɗauki shekarar sabon bugu ya gina nazari a kanta ya cire littafin daga zamanin Turawa ya dasa shi bayan mulkin kai, duk abin da ya faɗa game da yanayin da ya haife shi kuwa ya rushe.

Mu ma muna da ma'aunanmu. Sunan NORLA a jikin littafi yana kai mu shekarun 1950. Kuɗin da aka buga a bango da naira da kwabo yana nuna bugun bai riga 1973 ba. Sauyin ƙa'idojin rubutu daga bugu zuwa bugu shi ma yana magana, ga mai kunnen ji.

Saboda haka ina roƙon Sashenmu da abu biyu. Na farko, a wajabta wa mai rubuta kundin digiri ya bambanta shekarar bugun farko da shekarar bugun da ke hannunsa. Na biyu, a ware wuri a ɗakin karatu don tara kowane bugu na littattafanmu na farko, kada a yar da tsoho don sabo ya zo. In ba mu yi haka ba, gara da ɗigon damina za su yanke mana hukunci.