A Kore Shi, A Kore Shi



Ku leƙa kowane gidan kallon ƙwallo daren Asabar. Janareta na kuka, shayi na yawo, alƙali ya hura tashi, an ci ƙungiyar da ake goyon baya. Kafin mutum ya ajiye kofinsa za ku ji ihu: a kore shi! Wa za a kora? Koci mana. Ɗan wasa ya ɓarar da fenariti, a kori koci. Mai tsaron gida ya saki ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, a kori koci.

Gajen haƙuri ne, jama'a. Gajen haƙuri, ba wani abu ba.

Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a Nuwamban 1986. Bai ɗaga kofi ko na shan ruwa ba sai 1990, kofin Firimiya kuwa sai 1993. Da a yau ne, da tuni an haɗa masa kayansa tun shekara ta biyu. Aka bar shi, ya ci kofin lig sau 13 kafin ya sauka don kansa a 2013. Wanda ya gaje shi, David Moyes, an ba shi kwantiragin shekara shida, bai cika shekara guda ba aka sallame shi. Claudio Ranieri ya ba Leicester kofin Firimiyar da ko a mafarki ba su taɓa riƙewa ba a 2016. Bayan wata tara aka nuna masa ƙofa. A 2025 Ange Postecoglou ya kawo wa Tottenham kofin Europa, bayan shekara 17 ba su ci komai ba. Tukuicinsa? Kora. Ya koma Nottingham Forest, kwana 39 kacal ya yi.

Kwana 39! Manomin riɗi a Nil Azrak ya fi haka jira kafin ya san ko gonarsa za ta yi. Wane ne yake tumɓuke shuka duk safiya don ya duba ko saiwa ta kama?

Mai aljihu, wato mai ƙungiyar, shi ne yake yi. Kun san shi, ko'ina akwai irinsa. Ya zuba kuɗi ranar Litinin, yana son kofi ranar Juma'a. Shi ya zaɓo 'yan wasa, shi ya sayar da wanda ya fi kowa iyawa, wani lokaci har jerin waɗanda za su buga yake aikowa ta waya. Amma ranar da aka sha kashi ba ya korar kansa. Koci ne mai sauƙin kora, don shi kaɗai ne, 'yan wasa kuwa sun fi ashirin. Mu kuma 'yan kallo sai mu tafa masa, mu ce ya yi maganin matsala.

Kada ku ce wannan ciwon Turawa ne. Lee Clark, Baturen Ingila, wanda Huddersfield ta yi wasa 43 na lig a jere ba a doke ta ba a hannunsa, kuma aka kore shi a 2012, ya zo nan Sudan ya karɓi Marrikh a 2021. Wata uku ya tafi. Ya dawo a farkon 2022, bai yi wata biyu cikakku ba ya sake tafiya. Me mutum zai gina a wata biyu? Ko sunayen yaran bai gama haddacewa ba. Amma ku dubi Florent Ibenge da Hilal: shekara uku, da yaƙi, da gudun hijira, da buga lig a Muritaniya, ba fili, ba gida, ya kai su kwata-fainal na gasar zakarun Afirka a 2025. Ni ɗan Marrikh ne, maganar tana ƙona ni, amma gaskiya ce.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba can yake ba, yana nan ƙauyukanmu. Kocin ƙungiyar unguwa, wanda ba albashi, ba kwantiragi, shi ke sayen ƙwallo daga aljihunsa, shi ke zuba toka ya shata fili, shi ke bi gida gida yana roƙon iyaye su saki yara bayan an taso daga gona. Ranar wasa shi ke neman motar da za ta kai su, a wannan tsadar mai. An ci su biyu a gasar azumi, sai ka ji samari a bakin mai shayi sun yi taro, wai a canza koci, kamar yadda suka gani a talabijin. Ku canza shi da wa? Da me za ku biya shi kuɗin sallama? Su can Ingila in an kori mutum, miliyoyin fam yake tafiya da su. Naku kuwa da usur ɗinsa zai tafi, da famfon hura ƙwallo, don su ma nasa ne.

Ku je ku same shi da yammacin nan, ku haɗa masa ko kuɗin ƙwallo guda, ku bar shi ya kai ƙarshen kaka.